Yadda ake koyar da tarihin bauta da gwagwarmayar 'yancin baƙar fatar Amurka a ajin sakandare

Malamin da aka damƙa wa darasin tarihi karo na farko yakan tarar da cinikin bayi a shafi biyu ko uku na littafi: Turawa sun zo, sun kwashi mutane, daga baya sun hana. Yara su haddace shekaru, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Wannan bayani na malami ne ko malama da ke son yin fiye da haka a babbar sakandare. Tsarin da nake bi yana cin darasi takwas zuwa goma, kowanne na minti 40. Cinikin bayi yana cikin manhajar tarihi, ɓangaren gwagwarmayar 'yanci kuwa yana shiga sosai cikin darasin ilimin zama ɗan ƙasa, saboda haka ana iya raba aikin da malamin da ke ɗaukar wancan.

Abu guda nake so ɗalibi ya fita da shi: bauta a Amurka tsari ne da aka gina da doka da kuɗi, kuma waɗanda aka danne su ne kan gaba wajen rushe shi, da shiri, da juriya, da asarar rayuka.

Kayan aiki

- Taswirar duniya mai nuna Tekun Atlantika a tsakiya. Idan babu, zana gaɓar Afirka ta Yamma da nahiyar Amurka a bayan tsohuwar kalanda tun daga gida. Kada ka tsaya zane a allo yara na jira.
- Igiya mai tsawon mita 4 da rabi, da ma'auni, da 'yan kwalaye ƙanana, da abin maƙale shanya.
- Alli mai launi biyu ko uku.
- Hotuna kaɗan: zanen jirgin bayi mai suna Brookes na 1788, hoton Frederick Douglass, na Harriet Tubman, na famfon shan ruwa da aka ware wa baƙi daban, da na Ruby Bridges tana fitowa daga makaranta jami'an tsaro na rakiyarta. Duk ana samunsu kyauta a intanet. Idan akwai majigi da wuta, madalla. Idan babu, a yi fotokwafi biyar-biyar a raba wa rukunoni. Idan ko kuɗin fotokwafi babu, wayarka ta zagaya layi-layi, amma ka ba kowane layi tambayar da zai amsa, don kada kallo ya zama wasa.
- Shafin SlaveVoyages, inda aka tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi fiye da 30,000. Naka ne na shiri, ba sai yara sun shiga ba.
- Kwafin sashe na 34 da na 42 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999.
- Akwati ko kwali mai huda, na jefa tambaya ba tare da suna ba.

1. Shirya fili kafin ka buɗe baki

Ka sanar da shugaban makaranta abin da za ka koyar, musamman darasin bautar gida da zai zo a ƙarshe. Ka zauna da malamin addini, domin tambayoyin fiƙihu za su taso, kuma gara ku san abin da kowa zai ce.

A ranar farko ka kafa ƙa'ida uku, ka rubuta a gefen allo, su zauna har ƙarshen darussan. Ba a kiran kowa bawa ko ɗan bayi, ko da wasa. Ba a tambayar kowa asalinsa. Wanda abin ya yi wa nauyi yana iya fita ya sha iska ba tare da neman izini ba. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A ajinka akwai jikokin waɗanda suka mallaki bayi, akwai jikokin waɗanda aka mallaka, wasu sun sani, wasu ba su sani ba, kuma gorin da aka yi wa yaro a filin makaranta bayan darasinka kai ne silarsa.

2. Fara da mutanen, kafin jirgi

Rabin darasi ya isa. Ka tambayi yara sana'o'in da ake yi a Afirka ta Yamma shekara 400 da suka wuce: noma, ƙira, saƙa, rini, jima, fatauci, malanta. Ka rubuta duk. Sannan ka gaya musu waɗannan su ne aka loda a jirgi. Masu gonakin shinkafa a Carolina sun fi neman mutanen yankin Senegal da Gambiya da Saliyo saboda sun iya noman shinkafa tun daga gida. Omar ibn Said, mutumin Futa Toro da aka kai Carolina a 1807, ya yi shekaru yana karatu kafin a kama shi, kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta. Yaron da ya fara jin labarin daga sarƙa da mari zai ɗauka mutanen ba su da wani tarihi sai wannan.

3. Taswira da lissafi

Ka sa ɗalibai su fito su nuna tashoshin da aka fi lodi: Elmina a Ghana ta yau, Wida a Jamhuriyar Benin, Badagry da Ikko, Bonny da Kalaba, Luanda a Angola. Da alli mai launi a ja layi uku: kaya daga Turai zuwa Afirka (yadi, bindiga, albarushi, giya, ƙarfe), mutane daga Afirka zuwa Amurka, sannan sukari da taba da auduga daga Amurka zuwa Turai.

Rubuta lamba biyu a allo. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen ruwa daga ƙarni na 16 zuwa na 19. Kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai. Kada ka faɗi bambancin, ka bar su su ɗebe da kansu, su tambayi ina sauran. Daga nan ka ƙara ta uku: waɗanda aka kai kai tsaye ƙasar da ta zama Amurka ba su kai 400,000 ba. Mafi yawa Burazil da tsibiran Karibiyan aka kai su, gonakin rake, inda mutuwa ta fi haihuwa yawa.

Game da cikin jirgi, ka auna a ƙasan aji santimita 183 a tsawo da 41 a faɗi, ka zana da alli. Wurin da zanen Brookes ya ware wa namiji babba ke nan, a tafiyar da kan ci wata ɗaya zuwa uku. Kowa ya tsaya ya gani.

Gargaɗi mai girma a nan: kada ka sa yaro ya kwanta a ciki. Kada ka ɗaure kowa, kada ka shirya wasan kwaikwayon gwanjon bayi, kada ka raba aji zuwa iyayengiji da bayi. Sabon malami yakan ga kamar haka darasi zai fi shiga. Abin da ke faruwa shi ne aji ya kece da dariya, wanda aka sa ya zama bawa kuma sunan ya bi shi har ya gama makaranta.

Tambayar da ba ta taɓa kuskure zuwa ita ce: wa ya sayar da su? Ka amsa gaskiya. Turawa ba su cika shiga cikin ƙasa ba. Sarakuna da fatake na Afirka, irin na Dahomey da Oyo da Asante da Arochukwu, su ne suka kamo ko suka sayo suka kai bakin teku. Jiragen, da jarin, da inshorar, da gonakin, da dokokin can, na Turawa ne. A faɗi duka biyun, kada a ɓoye ɗaya don a wanke ɗayan.

4. Igiyar shekaru

Wannan shi ne ƙashin bayan dukkan darussan. Ɗaura igiya a bango, kowane santimita ɗaya shekara ɗaya. Farkonta 1619, shekarar da aka sauke 'yan Afirka kimanin 20 a Point Comfort ta Virginia. A santimita 246 ka maƙala 1865, ƙarshen bauta. A 346 ka maƙala 1965, dokar kare ƙuri'a. Abin da ya rage zuwa yau bai wuce santimita 60 da 'yan kai ba. Ka ja baya ka bar su su kalla. Yawanci a nan wani ke cewa, "Malam, ashe jiya-jiya ne." Idan babu igiya, layin alli a jikin bango ya wadatar, sai dai a roƙi masu shara kada su goge.

A kowane darasi ɗalibai su riƙa ƙara kwali a igiyar. Na farko su zama na doka da kuɗi, don su ga yadda aka gina abin. A 1662 Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato ko uban shi ne mai gida, ɗan baiwa bawa ne, kuma dukiya ce. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, noman ya bunƙasa, buƙatar bayi ta ninka. A 1808 Amurka ta hana shigo da bayi daga waje, amma ciniki na cikin gida ya ci gaba, aka riƙa raba uwa da ɗa ana kai su gonakin kudu. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4. Ka sa su kwatanta wannan da 400,000 ɗin da suka gani a baya, su faɗi ta ina aka samu ƙarin.

Ka maƙala na Birtaniya ma: ta hana cinikin a 1807, ta soke bautar a 1833, ta biya diyyar fam miliyan 20. Tambayi aji wa aka biya. Kusan kowa zai ce bayin. Masu bayin aka biya.

5. Waɗanda suka ƙi

Raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da mutum ɗaya ko waƙi'a ɗaya, a rabin shafi da ka rubuta da hannunka cikin sauƙin harshe. Su karanta, su fito su faɗa wa aji abu uku: me aka yi masa, me ya yi, me ya biyo baya.

Frederick Douglass ya koyi karatu a ɓoye, ya tsere a 1838, ya zama mai jarida kuma mai jawabi da ake ji har Ingila. Harriet Tubman ta tsere a 1849, ta riƙa komawa kudu, ta fito da mutum kimanin 70. Nat Turner ya jagoranci tawaye a Virginia a 1831. Bayin Haiti sun tashi a 1791, suka kori Faransa, suka kafa ƙasa a 1804.

Akwai biyu da ke da alaƙa da mu kai tsaye, kuma su ne ke tayar da mai gyangyaɗi. A Bahia ta Burazil, Hausawan da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake sun shirya tawaye a 1807, aka tona asirinsu. A Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin Salvador, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu masu rubutun Larabci suka yi artabu da sojoji. Na biyun shi ne Muhammad Ali ibn Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Barno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya sami 'yanci, ya isa Amurka. A 1863 ya shiga rundunar baƙar fata ta 55 ta Massachusetts a yaƙin basasa, bayan yaƙi kuma ya koyar a makarantun baƙi a kudu. Ka sa wani ɗalibi ya bi hanyarsa da yatsa a taswira.

Sannan a zo kan yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, da shelar 'yanta bayi ta shugaban Amurka Lincoln ta 1 ga Janairun 1863, da gyaran kundin tsarin mulki na 13 a 1865. Kada ka bar su da cewa Lincoln ya 'yanta bayi shi kaɗai. Baƙar fata kusan 180,000 ne suka ɗauki bindiga a sojan jihohin arewacin Amurka.

6. Shekara ɗarin da ake tsallakewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tashi daga 1865 a dira a 1955. Yaro sai ya rasa dalilin da ya sa mutanen da aka 'yanta suke neman 'yanci kuma. Ka ba wannan cikakken darasi.

Da farko abubuwa sun yi kyau. Gyara na 14 a 1868 ya ba su zama 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya ba mazansu ƙuri'a, a shekarar kuma Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawa, daga Mississippi. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, jihohi suka shiga ƙwace abin da aka bayar ta bayan gida: harajin ƙuri'a, jarrabawar karatu da magatakarda ke yanke wa wanda ya ga dama, da barazanar 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci, da kashe mutane a bainar jama'a ba shari'a. A Louisiana baƙar fata masu rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896, a 1904 ba su kai 1,400 ba. A gona kuma aka koma noman a raba amfani, inda mai ƙasa ke ba da iri da abinci bashi, shi ke riƙe da littafin lissafi, manomi ya ƙare shekara da bashi a wuya. A 1896, a shari'ar Plessy, Kotun Ƙoli ta halatta raba wurare muddin an ce daidai suke. Nuna hoton famfon nan, ka tambaya ko daidai suke.

Akwai hotunan kisan gilla na wannan zamani a intanet. Kada ka nuna su. Faɗa da baki ya isa.

7. Gwagwarmaya: ka koyar da yadda aka yi

Maimakon jero waƙi'o'i ashirin, ɗauki gwagwarmayar birnin Montgomery ka warware ta sosai. An kama Rosa Parks ranar 1 ga Disambar 1955 don ta ƙi tashi wa farar fata a bas. Ana yawan ba da labarin kamar wata tsohuwa ce da gajiya ta hana ta tashi. Shekarunta 42, kuma sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ce a garin. Wata tara kafin nan an kama Claudette Colvin, 'yar shekara 15, kan abu iri ɗaya. A daren kamun Parks, Jo Ann Robinson da ƙungiyarsu ta mata suka kwana buga dubban takardun kira. Aka ƙaurace wa bas kwana 381. Baƙar fata su ne mafi yawan fasinjoji, kamfanin ya ji a aljihunsa. An tsara motocin ɗaukar mutane zuwa aiki, an tara kuɗi a coci-coci, lauyoyi na kotu, aka jefa bam a gidan jagoransu Martin Luther King, wanda a lokacin shekarunsa 27, ba su fasa ba.

Ba wa rukunoni wannan aikin: ku ne kwamitin, mutum dubu goma za su je aiki gobe ba bas, me za ku tanada? Za su ambaci mota, mai, kuɗi, hanyar isar da saƙo, belin wanda aka kama. Daga nan za su gane cewa jawabi mai daɗi kaɗai bai kawo canji ba.

Sauran sai a maƙala a igiya da sauri, kana mai jan hankalinsu kan shekarun mutanen, domin sa'o'insu ne. Hukuncin Brown na 1954 da ya haramta raba makarantu. Emmett Till, ɗan shekara 14, da aka kashe a Mississippi a 1955. Ɗalibai tara na Little Rock a 1957, da sai da sojoji suka shigar da su aji. Ɗalibai huɗu da suka zauna a wurin cin abincin fararen fata a Greensboro a 1960. Ruby Bridges, 'yar shekara 6. Yaran Birmingham da aka saka wa karnuka da ruwan kashe gobara a 1963, da 'yan mata huɗu da bam ya kashe a coci a Satumbar shekarar. Taron Washington na 28 ga Agustan 1963 mai mutum kimanin 250,000. Dokar haƙƙin 'yan ƙasa ta 1964, tattakin Selma da dokar ƙuri'a a 1965. A Mississippi rajistar baƙar fata ta tashi daga kimanin kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan 60 cikin 'yan shekaru.

Ɗalibai za su tambayi Malcolm X, sau da yawa sun fi saninsa. Ka bayyana saɓaninsa da King kan batun kare kai da rungumar fararen fata, da yadda aikin hajjinsa na 1964 ya sauya masa wasu ra'ayoyi. Ya zo Nijeriya a shekarar, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan. King ma ya halarci bikin 'yancin Ghana a 1957, ya zo Ikko a 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. An kashe Malcolm a 1965, King a 1968. Ka ambaci fararen fatar da suka mutu a wannan hanya, irin su Andrew Goodman da Michael Schwerner da aka kashe tare da James Chaney a 1964, don kada yaro ya tashi da ƙin wani jinsi gaba ɗaya.

8. Bautar gida

Na ajiye wannan a ƙarshe da gangan, lokacin da aji ya saba da ƙa'idoji. Tsallake shi rashin gaskiya ne, kuma yara sun ji kalmomin a gida: kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane, rinji, murgu, fansa.

Koma taswira, ka ja hanyoyin Sahara ta Agadas da Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Ka gaya musu an sayar da mutane a kasuwannin Kano da Kukawa da Damagaram, kuma masana sun ƙiyasta bayin Daular Sakkwato sun haura miliyan ɗaya a ƙarshen ƙarni na 19. Ka nuna bambanci da Amurka: ba a gina ta kan launin fata ba, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne har yana iya gadon sarauta, bayin sarki irin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano sun riƙe iko mai yawa, kuma bawa na iya biyan murgu ya yi sana'arsa. Amma kada wannan ya zama wanki. Wanda aka kai wa hari aka ƙona ƙauyensa, aka raba shi da 'ya'yansa, aka tura shi rinji, bai ga sauƙin da ake faɗa ba.

Malamai na da ma sun yi magana. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa wajen 1615 yana hana bautar da 'yantattun Musulmin ƙasashen baƙar fata, yana ƙaryata cewa launi hujja ne. Cikin abubuwan da suka haɗa Shehu Usmanu da Gobir akwai kama mutanen Gimbana. Akwai kuma hadisin da ke cikin Buhari mai tsoratarwa kan wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Idan tambaya ta zurfafa, gayyato malamin addinin da kuka riga kuka zauna.

Maƙala ƙarshenta a igiyar: shelar Lugard ta 1901 da ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar, da dokar 1936 da ta soke bauta a Arewacin Nijeriya. A Nijar an mayar da ita laifi a 2003, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana shekara 12, ta umarci gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Sannan a karanta sashe na 34 da ya haramta bauta, da na 42 da ya hana tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Tambayar da nake jefawa a nan ita ce: in doka ta hana, me ya sa har yau ake fasa aure don binciken asali? Su rubuta amsa a takarda ba suna, su jefa a akwati, kai ka tace kafin ka karanta. Kada ka ba da aikin gida na a tambayo kaka ko gidansu sun yi bauta, kuma kada a ambaci sunan wata unguwa ko zuri'a da ke garin.

9. Gwaji

Tambayoyin cike gurbi suna da amfani don jarrabawar waje, a ba su kashi ɗaya cikin uku. Sauran makin ya tafi ga rubutu na shafi ɗaya. Misali: zaɓi dokoki biyu daga igiya, ɗaya da ta ƙarfafa zalunci, ɗaya da ta rage shi, ka bayyana su wa suka sa aka yi kowacce. Ko kuma: me ya sa ƙaurace wa bas ya yi nasara a Montgomery? A ba da maki kan hujja da shekara da suna, ba kan yawan nuna tausayi ba. Kada ka shirya muhawara mai taken ko bauta tana da amfani, domin dole wani rukuni ya tsaya yana kare ta.

Idan lokaci ya ƙure, darasi huɗu kawai aka ba ka, haɗa mataki na 2 da na 3 a rana ɗaya, na 4 da na 5 a rana ta biyu, na 6 da Montgomery a ta uku, ka bar ta huɗu ga bautar gida. Rubutun gwaji sai a yi shi a gida, a kawo bayan mako guda.